Taron Tsintsiya Ba Shara: Kada A Saya Wa Shirinmu Masu Sauraro



Duk wanda ya halarci zaman Majalisar Wakilan Ɗalibai na ƙarshe ya ji da kunnensa shawarar da Kwamitin Watsa Labarai ya gabatar game da shirin sauti da ƙungiyarmu take fitarwa mako-mako a intanet, watau abin nan da ake kira fodkas. Wanda bai halarta ba kuwa ya kamata ya sani, domin kuɗinsa ne ake shirin kashewa, kuma da sunansa ake magana. Shawarar tana da ƙafa uku. Ta farko, a ɗebi kaso mai tsoka daga asusun ƙungiya a danƙa wa wani mutum daga waje, wanda aka ce gwanin talla ne, shi kuma ya yi alkawarin tara wa shafinmu dubban mabiya kafin ƙarshen zangon karatu. Ta biyu, a mayar da rabin shirin zuwa Turanci, wai don ya shiga duniya. Ta uku, a rage dogon bayani a kan matsalolin ɗalibai, a koma ga gajerun hotunan bidiyo na barkwanci da soyayya da hira da waɗanda suka yi suna, wai abin da zamani yake so ke nan. An ɗage ƙuri'a zuwa zama mai zuwa. Mu da muka ɗauki nauyin haɗa wannan shiri tun ranar da aka haife shi mun ga wajibi ne mu fito fili mu faɗi ra'ayinmu tun ba a yanke hukunci ba, gudun kada mu zo muna ihu bayan hari.

Kafin mu ce komai, bari mu ba Kwamiti haƙƙinsa. Gaskiya ne masu sauraronmu ba su kai yadda ya kamata ba. Gaskiya ne kuma shirin da ba a saurara, da shi da babu duk ɗaya ne, komai kyawun abin da aka faɗa a cikinsa. Ba mu zargin 'yan Kwamiti da mugun nufi. Abokan karatunmu ne, tare muke bin layin ruwa da su da asuba, kuma mun san kishin shirin ne ya sa suka tashi tsaye. Inda muka rabu da su shi ne a kan wata tambaya wadda ba su tsaya sun yi wa kansu ba: wane ne mai sauraron da muke nema, ina yake zaune, kuma me yake da shi a aljihunsa? Wanda bai san inda za shi ba, duk motar da ya tarar a tasha tasa ce.

Wannan sana'a ba a ƙasarmu aka ƙago ta ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka. A shekarar 2004 ne wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ya fara rubuta wannan kalma a jaridar Guardian ta Ingila. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa. A 2014 wani shiri mai suna Serial, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai a Amurka, ya jawo miliyoyin mutane zuwa ga sauraro. A 2020 kuma aka ba da labarin cewa kamfanin Spotify ya ƙulla ciniki na fiye da dala miliyan 100 da wani mai gabatarwa guda ɗaya, Joe Rogan. Daga can ne duk dabarun tara masu sauraro suka fito, kuma an tsara su ne domin mutumin da yake da wutar lantarki dare da rana, da layin intanet marar yankewa wanda yake biya sau ɗaya a wata, da katin banki da zai sayi abin da aka tallata masa nan take. Gwanin da aka kawo mana haddace waɗannan dabaru ya yi, ya zo ya biya mana su kamar karatun allo. To, amma zanen aro ba ya rufe katara.

Mu ɗauki ƙafar farko. Da mabiyi da mai sauraro ba abu ɗaya ba ne. Mabiyi shi ne wanda ya taɓa danna maɓalli sau ɗaya, watakila ma ya manta. Mai sauraro shi ne wanda ya ba ka minti ashirin daga cikin yininsa, ya dawo mako mai zuwa ya sake ba ka. Na farko ana sayar da shi a kasuwa kamar goro, kuma mafi yawan wanda ake sayarwar ba mutum ba ne, sunayen bogi ne da ake buɗewa da na'ura, babu kunne a bayansu balle zuciya. Kamfanonin da kansu sun san da wannan, shi ya sa lokaci-lokaci suke yin shara. A watan Yuli na 2018 kamfanin Twitter ya zare miliyoyin shafuka daga lissafin mabiya, manyan mutane da yawa suka wayi gari jama'arsu ta zube kamar ganyen kaka. An ce mana gwaninmu ba irin waɗannan zai kawo ba, talla ta halal zai biya. Mun ji. Sai dai talla tana kawo mutum bakin ƙofa ne kawai, ba ta shimfiɗa masa tabarma. Kuma duk wanda ya ce maka zai kawo mutum dubu kaza a rana kaza, ba tare da ya taɓa sauraron shirinka ko sau ɗaya ba, to ya san rumfar da ake sayen su.

Ɓarnar kuwa ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Na'urorin waɗannan kamfanoni sukan fara nuna sabon abu ga kaɗan daga cikin mabiya, su duba ko sun buɗe, ko sun daɗe a kai, ko sun tura wa wani. In sun yi haka sai a ƙara yaɗa shi, in ba su yi ba sai a binne shi. Ke nan idan muka cika shafinmu da gumaka, sabon shirinmu zai riƙa faɗawa hannun gumaka, su yi shiru, na'ura ta yanke hukuncin cewa ba mu faɗi abin kirki ba, ta ɓoye mu har ga mutanen gaskiya da muke da su a yau. Watau za mu cire kuɗin da iyayenmu suka sayar da hatsi da awaki suka biya, mu sayi bargon da za a rufe mana baki da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, shi ne cewa lambar nan da Kwamiti yake kallo yana baƙin ciki makauniya ce. Bisa ga ƙa'idar da masu talla na Amurka suka shimfiɗa, ana lissafa saukewa ɗaya ne idan wata na'ura ta jawo aƙalla minti guda na shirin daga rumbunsa, kuma na'ura ɗaya sau ɗaya ake ƙirga ta a yini. Wannan awo yana da ma'ana a ƙasar da kowa yake sauke nasa ya toshe kunnuwansa ya saurara shi kaɗai. Mu ba haka muke sauraro ba. A wurinmu mutum ɗaya ne yake sayen data ya sauke, sa'an nan ya tura wa abokan ɗakinsa ta Xender, wani ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan garinsu, wani ya kwafa a katin waya ya kai gida. Duk waɗannan kunnuwa ba su shiga lissafi.

Ɗaya daga cikinmu ya je hutun da ya wuce a ƙauyensu, mai nisan tafiyar yini daga nan. Da dare ya tsaya a teburin mai shayi, sai ya ji muryarsa tana fitowa daga wata tsohuwar waya da aka jingina da gwangwanin madara, mutane sun yi da'ira sun yi tsit. Shirin nan ne da muka yi bayanin yadda ake neman rance daga asusun ɗalibai da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024, da takardun da ake bukata, da sharuɗɗan biya. Mai wayar dattijo ne da bai taɓa buɗe shafin intanet ba. Daga wurin mai cajin waya ya samo shi, shi kuma mai cajin wani ɗalibi ne ya ba shi. Da suka gane mai maganar ne tsaye a gabansu, ba su bar shi ya tafi ba sai da dare ya raba, domin dattijon yana da 'ya da ta gama sakandare, kuma yana son ya san ko rancen nan yana da ruwa. A allon Kwamiti wannan dare bai wuce lamba ɗaya ba, in ma ya kai. Muna tambayar wakilanmu: tsakanin wannan da'ira da mabiya dubu na saye, wanne ne jama'a?

Wasu sun ce in mabiya suka yi yawa kamfanoni za su fara biyanmu, shirin ya riƙe kansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Tun 2018 YouTube ya sa sharaɗin cewa kafin ya raba kuɗin talla da mai shafi sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma gumaka ba su kallo. Ko an tsallake wannan shinge, farashin talla yana bin aljihun mai kallo ne. Abin da ake biya a kan mutum dubu na Amurka ya ninka abin da ake biya a kan mutum dubu na Nijeriya ko Nijar sau da yawa. Duk wanda ya sa wannan kuɗi a gaba, sannu a hankali zai tarar ya juya wa talaka baya yana neman idon mai dala, ko da bai yi niyya ba. Daga nan ne ma ƙafa ta biyu ta tsiro.

An ce mu koma Turanci don mu shiga duniya. Abin mamaki, ita duniyar da kanta Hausa ta koya don ta shigo wurinmu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba. Jamus ta bi sahu a 1963, Sin ma a wannan shekara, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Waɗannan ƙasashe ba don Allah suka kashe dukiyarsu ba, kuma ba don daɗin karin maganarmu ba. Sun ƙirga ne, suka ga akwai miliyoyin mutane da ba a kai wa gare su sai da wannan harshe, mutanen da rediyo yake rataye a kafaɗarsu a gona da kasuwa da bayan shanu. A nan gida ma, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da gidan Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da siyasar Malam Aminu Kano tun daga kafa NEPU a 1950, duk sun yi ƙarfi ne saboda sun yi wa mutane magana da harshen da suke mafarki da shi. Ashe abin da Bature ya gane tun shekaru kusan saba'in da suka wuce, shi ne ɗan jami'a Bahaushe yake neman ya manta?

Mu yi lissafin kasuwa ma, tunda shi Kwamiti ya fi so. A fagen Turanci akwai shirye-shirye da ba su ƙirguwa, na manyan kamfanoni masu ɗakunan ɗaukar sauti da ma'aikata da kuɗin talla. Mu da makirfo ɗaya da aron ɗaki, me za mu faɗa wa mutumin Landan ko na Legas da bai ji ba? A fagen Hausa kuwa fili yana nan fetal. Gidajen rediyon waje suna ajiye shirye-shiryensu a intanet, jaridar Aminiya ma ta shigo da irin su Najeriya A Yau da Daga Laraba, amma muryar ɗalibi, wadda za ta faɗi halin da ake ciki a ɗakunan kwana da azuzuwa, har yanzu ƙaranci take yi. Sa'an nan a tuna, Hausa ba ta tsaya a iyakar Jibiya ko Maigatari ba. Ana jin ta a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da zangunan Kumasi da Tamale, da Garwa da Marwa a Kamaru, da Injamena, har Mai Wurno a Sudan. Ɗan uwanmu ɗalibi na Nijar Faransanci ya karanta a makaranta. Ranar da muka juya harshe zuwa Turanci, ranar muka rufe masa ƙofa. Wace irin shiga duniya ce wannan, wadda take farawa da korar maƙwabci?

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a bakin Kwamiti, kuma ba za mu kauce mata ba. A cikin wannan jami'a akwai 'yan uwanmu da ba su jin Hausa, suna biyan kuɗin ƙungiya kamar kowa, kuma suna da haƙƙin a yi magana da su. Wannan gaskiya ce tsantsa. Maganinta shi ne a buɗe shiri na biyu da Turanci, cikakke, mai ranarsa da masu gabatar da shi, mu kuwa a shirye muke mu raba kayan aiki da su, mu koya musu abin da muka koya, mu riƙa musayar labari. Amma a tsaga shiri ɗaya gida biyu, dattijon teburin mai shayi ya ji rabi ya kashe, ɗalibar da ba ta jin Hausa ta ji rabi ta kashe, wannan shi ne a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ƙafa ta uku ita ce bidiyo da barkwanci. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Haka ne, amma a fara duba ƙafar mai rawar. Sautin murya na minti 20, in an matse shi yadda ya kamata, bai kai megabayit 10 ba. Bidiyo mai wannan tsawo, ko da ba mai haske sosai ba ne, yakan ci ninki goma. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. A watan Oktoba na 2024 layukan wuta suka lalace, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, cajin waya ya zama abin bin layi da biyan kuɗi. Mutumin da yake auna datarsa kamar yadda uwargida take auna man gyaɗa, shi za mu ce ya kalle mu muna zaune a kujera muna magana? Ban da haka, sauti yana tafiya tare da aiki. Direba yana ji yana tuƙi, tela yana ji yana ɗinki, iyayenmu mata da yayyenmu suna ji a cikin gida hannunsu yana kan tukunya. Bidiyo kuwa sai ka ajiye abin da kake yi ka ba shi idonka. Ba mu ƙi a yanko ɗan guntu na minti ɗaya a sa a TikTok ko Facebook ya zama kamar sanƙira mai nuna hanya ba, tunda ba ya cin ko kwabo. Abin da muka ƙi shi ne sanƙira ya zama shi ne angon.

Game da abin da za a faɗa a ciki, mu ba maƙiyan dariya ba ne, kuma wanda ya saurare mu ya san muna yin ta. Amma masu barkwanci sun cika wayoyinmu, sun fi mu iyawa, kuma ba da kuɗin ƙungiya suke yi ba. Abin da babu mai yi in ba mu ba shi ne a tsaya a bi diddigin dalilin da famfo ya ƙafe a ɗakunan kwanan mata, a tambayi inda kuɗin gyara ya shiga, a bayyana wa ɗalibin aji ɗaya haƙƙinsa idan aka riƙe sakamakonsa, a lissafa yadda kuɗin mota zuwa gida ya tashi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, jita-jita ita ce abincinsu safe da yamma. Idan irin wannan rana ta sake zuwa, wa ɗalibai za su buɗe su saurara? Wanda suka saba jin gaskiya daga bakinsa, ko wanda suka saba gani yana gwada rawa? Amana ba a tara ta ranar da ake bukatarta. Kuma shirin da ya saba bin abin da ke kawo tafi, ranar da mai kuɗi ko ɗan siyasa ya zo da ɗaukar nauyi ba zai iya cewa a'a ba, kowa kuwa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai wani darasi kuma da shekarun nan suka koya mana, wanda ya shafi ƙafafun nan uku gaba ɗaya. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Hukumomin Nijar sun dakatar da Rediyon Faransa a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. A watan Maris na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a wata takarda, sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya shekara 46 yana magana da mu, ya yi tsit. Ba mu zo yanke hukunci a kan mai gaskiya a waɗannan rigingimu ba. Abin lura shi ne duk muryar da take bi ta ƙofar wani, mai ƙofar yana iya sa sakata a daren da ya ga dama. Mabiyan da ke shafin kamfani dukiyar kamfani ce, aro aka ba mu. Namu na kanmu su ne waɗanda muka san sunansu da garinsu, waɗanda shirin yake kwance a cikin wayarsu ko da layi ya ɗauke.

Kada a ce mun wanke kanmu. Laifin ƙarancin masu sauraro rabinsa namu ne. Mun sha tsallake mako a lokacin jarrabawa ba tare da ko sanarwa ba. Mun sha barin hira ta yi tsawo har mai sauraro ya gaji. Sautinmu wani lokaci kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Mukan cakuɗa Hausarmu da Turanci har iyayenmu su kasa bin zaren. Muryoyin 'yan uwanmu mata sun yi kaɗan ƙwarai a shirin, alhali matsalolin da muke magana a kai su suka fi ɗanɗana su. Waɗannan su ne wuraren da ɗakin yake yoyo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da gwanin talla zai iya toshewa.

Saboda haka ga abin da muke roƙon Majalisa ta amince da shi a madadin shawarar Kwamiti. Da farko, a tsayar wa shirin rana da lokaci, a kafa ƙungiyar masu karɓeɓeniya yadda ko ana jarrabawa ba zai fasa fita ba. Iyayenmu ba talla ce ta sa suke murɗa rediyo da ƙarfe takwas da rabi na dare ba, sabo ne da cika alkawari na shekara da shekaru. Na biyu, kaɗan daga cikin kuɗin da aka yi niyyar ba baƙo a sayi makirfo mai kyau da shi, a nemi ɗaki marar hayaniya, sauran ya koma asusu. Na uku, kowane shiri kada ya wuce minti 20, a fitar da shi mara nauyi yadda zai ratsa ko'ina, kuma a farkonsa da ƙarshensa a faɗi sunan shirin da kwanan wata da hanyar aiko da saƙo, domin idan ya bar hannunmu shi kaɗai yake tafiya, babu shafi a tare da shi da zai gabatar da shi.

Na huɗu, a naɗa wakili a kowane ɗakin kwana da kowane sashen karatu, a kuma haɗa kai da ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da ƙananan hukumomi, kowa ya ɗauki nauyin zaurensa. WhatsApp ba ya barin a tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, ke nan aikin na hannuwa da yawa ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Duk mai tafiya hutu ya tafi da shirye-shiryen zangon a wayarsa, ya ajiye wa mai cajin waya da masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwa da direbobin tasha. Ta wannan hanya ce kaset ɗin wa'azi da na Shata da Ɗan Maraya suka zaga ƙasar nan har suka tsallaka iyaka, ba tare da an biya kowa kuɗin talla ba. Na biyar, a tuntuɓi ƙananan gidajen rediyo na kusa da mu a ba su shirin kyauta, domin har gobe akwatin rediyo yana shiga inda intanet ba ta kai ba.

Na shida, kuma shi ne uwa uba, a ba mai sauraro baki. Abin da ya ɗaure mutanenmu da rediyo shi ne jin sunansu da na garinsu a Zaɓi Sonka, da jin an karanta tambayarsu a Amsoshin Takardunku. A da sai mutum ya sayi takarda da ambulan da kan sarki ya jira makonni. Yau saƙon murya ne na rabin minti, wanda ko wanda bai iya rubutu ba zai aiko. A ware kashi ɗaya cikin huɗu na kowane shiri domin waɗannan saƙonni. Wanda ya ji muryarsa a shiri ba ya bukatar a roƙe shi ya yaɗa, da kansa zai kai wa surukansa. Na bakwai, a sauya ma'auni. A ƙarshen kowane zango mu zo gaban Majalisa mu faɗi saƙo nawa muka samu, daga garuruwa nawa, mata nawa suka yi magana, kuma matsala nawa aka gyara bayan mun tayar da ita. A liƙa lissafin kowace Naira a allon sanarwa. In muka kasa, a sauke mu a ba wasu.

Wannan hanya ba ta da sauri, kuma ba za ta ba Sakataren Watsa Labarai wata babbar lamba da zai nuna ranar miƙa mulki ba. Mun san haka. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma abin da aka gina ta haka zai tarar da ƙannenmu da ba su shigo jami'a ba tukuna.

Ya ku wakilanmu, kuɗin da ke hannunku amana ce ta ɗalibin da yake cin abinci sau ɗaya a yini don ya biya. Muna roƙonku ku ƙi wannan shawara da ƙafafunta uku, ku amince da buɗe shiri na biyu domin 'yan uwanmu marasa jin Hausa, ku ba mu zango guda mu gwada abin da muka zayyana. Ku kuma sauran ɗalibai, kada ku bar wannan magana a hannun mutum kaɗan. Ku sami wakilin ɗakinku ku tambaye shi inda zai jefa ƙuri'arsa da dalilinsa, ku cika zauren ranar zama, wanda yake ganin mun yi kuskure ya miƙe ya faɗa, za mu ba shi fili a shirin mako mai bi ya yi bayani da bakinsa. Kafin ranar kuwa, kowa ya tura shirin wannan makon ga mutum ɗaya a garinsu wanda bai taɓa taka jami'a ba, ya tambaye shi abin da ya ji, ya kawo mana amsar.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.